Littafin aiki: haɗa wuta a na'urorin waje na tsarin sanyaya wani ginin kasuwanci a Kano

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau aka miƙa mana rufin ginin, bayan masu aikin bututu sun gama zaunar da na'urorin waje guda 6 a kan gadajensu na ƙarfe. Ginin mai hawa huɗu ne, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, kuma tsarin sanyayawar irin wanda ake kira VRF ne, wanda na'urar waje ke ciyar da na'urorin ciki masu yawa ta layin bututu ɗaya, tana ƙara gudun kwamfiresa ko rage shi gwargwadon buƙatar ɗakuna. An kasa na'urorin rukuni 3, kowane rukuni da uwa da mataimakiya, sannan na'urorin ciki 42 ne suka dogara da su. Abin da ke wuyanmu shi ne kai wuta daga babban fanel na ƙasa zuwa rufi, da rarraba ta ga kowace na'ura, da aikin wayar ƙasa wadda masu sana'a ke kira atin, da kuma wayar sadarwa da ke tsakanin na'urorin waje da na ciki. Bututu da gas ba hurumina ba ne.

Na kwafe abin da ke rubuce a farantin kowace na'ura. Ƙarfinta doki 16 ne, wato kilowat 45 na sanyi, tana cin wuta mai layi uku da nutiral, volt 380 zuwa 415. Dole wayar da za ta ciyar da ita ta iya ɗaukar amp 31 aƙalla, bireka kuma kada ta wuce amp 40. Idan aka tara shidan, babbar wayar da za ta hau rufi za ta ɗauki amp 186.

Mun tsayar da lokacin aiki: daga bayan sallar Asuba zuwa ƙarfe 11, sai kuma bayan La'asar. Tsakanin nan ba a iya riƙe ƙarfe a rufin da hannu.

Laraba, 9 ga Afrilu

Yinin yau ya tafi ne a lissafin kaurin waya da kuma shawo kan Alhaji mai ginin. Wani mai sayar da kaya ya riga ya nuna masa jadawali, inda waya mai sulken ƙarfe, mai kaurin murabba'in milimita 50, mai rigar XLPE, wato roba mai jure zafi, take ɗaukar amp 197 idan an shimfiɗa ta a kan tire mai huda, kuma tunda 197 ta fi 186, a ganinsa magana ta ƙare. Ya ce da ni, "Injiniya, ai ga shi a rubuce, me zai sa mu sayi mai 70?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan adadin an yi shi ne a kan zafin digiri 30, rufinka kuwa a watan nan ya fi ƙarfin haka." Jadawalin na ƙa'idar BS 7671 ta Ingila ne, wadda galibin masu zane a nan ke aiki da ita, kuma ita kanta ta ce idan zafin wurin ya kai digiri 50 sai a ninka adadin da 0.82. Da aka yi haka sai mai 50 ta dawo kusan amp 161, ƙasa da abin da za mu ɗora mata, mai 70 kuma ta sauko daga 251 zuwa kusan 206, wadda ta dace da birekar amp 200. Na ɗauki digiri 50 ne saboda inuwar Kano kan haura 40 a Afrilu, ballantana saman siminti, kusa da na'urorin da su kansu iska mai zafi suke fitarwa.

Haka lissafin ya kasance a ƙananan wayoyin da za su taso daga fanel na rufi. Su shida ne za su kwanta gefe da gefe a tire ɗaya, suna ɗumama juna kamar fasinjoji a motar haya da aka cika maƙil, don haka akwai ragi na biyu, 0.73. Mai milimita 6 ta faɗo daga amp 56 zuwa ƙasa da 34, ba za ta zauna a bayan birekar amp 40 ba. Mai milimita 10 ta tsaya a kusan 47, ita muka ɗauka. Raguwar volt a tsawon mita 65 na babbar wayar bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, alhali ƙa'ida ta yarda har kashi 5, saboda haka ta wannan ɓangaren babu damuwa.

Alhaji ya amince, amma ya nemi in ba shi lissafin a rubuce. Na ji daɗin hakan, domin takarda ce za ta yi magana a madadina idan an manta.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun shiga Sabon Gari sayen waya. An yi cinikin mai milimita 70 a kan naira 92,000 kowace mita, muka ɗauki mita 70 saboda lanƙwasa da abin da za a fere a bakin fanel. A mai milimita 10 aka samu matsala. Wani shago ya ba mu farashin da ya gaza na maƙwabtansa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rubutun da ke jikin rigar wayar kuma daidai yake da wanda muke nema. Na sa aka yanko mini taki ɗaya, na fere, na warware silin jan ƙarfen guda 7, na auna kowane da maikiromita. Waya mai murabba'in milimita 10 ta gaskiya faɗin kowane sili nata milimita 1.35 ne. Waɗannan 1.2 suka nuna, wanda idan aka lissafa bai kai murabba'in milimita 8 ba gaba ɗaya. Ido ba zai taɓa ganin wannan bambancin ba, sai dai waya ta yi zafi wata rana a tsakiyar bazara a rasa dalili. Mai shagon bai yi gardama ba, ya ce haka aka kawo masa. Araha dai ba ta ado. Mun koma wani wurin muka sayi mita 130 a kan naira 17,500, bayan an maimaita awon a gabana a kan kowane nadi.

An ba da odar bireka da aisoleta, wato makunnin da ake ɗaurawa kusa da kowace na'ura don a raba ta da wuta gaba ɗaya lokacin gyara, da kuma na'urar kariya daga tsawa. Daga Legas za su zo.

Talata, 15 ga Afrilu

An kafa tiren waya daga ramin hawa, wato ramin da wayoyi ke bi daga ƙasan gini zuwa rufi, zuwa ƙarshen layin na'urori, a kan ƙafafun da suka ɗaga shi santimita 30 daga siminti don kada ruwan damina ya taɓa shi. Na sa an yi masa murfin da ba ya manne da waya, yadda zai kare rana amma iska ta ratsa. An kafa wani ƙaramin tire daban saboda wayar sadarwa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Jan babbar waya. Nauyinta ya sa sai da muka nemi ƙarin majiya ƙarfi daga masu aikin gini, aka ɗaura kura a saman ramin hawa, ana ja ana ɗaurewa hawa bayan hawa, domin idan aka bar nauyinta ya rataya a kan kanta sulken zai buɗe a wurin gilan, wato maƙallin da ke riƙe waya a inda ta shiga akwati. A hawa na uku mun tarar bututun ruwa ya tare rabin ramin, abin da ba ya cikin zane. Ban yarda a murɗe wayar ta kewaye shi ba, saboda waya irin wannan tana da iyakar lanƙwasar da za ta jure, kuma lahanin da aka yi mata a ciki ba ya fitowa sai bayan watanni. Mai aikin famfo ya matsar da bututunsa kafin La'asar. Tare da ita muka ja wayar ƙasa mai milimita 35, rabin kaurin layi kamar yadda ƙa'ida ta tanada, domin ban so a dogara da sulken shi kaɗai ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Kayan Legas ba su iso ba saboda hutun Ista. An shimfiɗa ƙananan wayoyin shida, an liƙa wa kowace lamba a bakinta biyu, an rufe bakunan da tef saboda ƙura.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na auna wayar ƙasan da ginin ke da ita tun asali, mita ta nuna om 38, ma'aunin yadda hanya ke tare wuta. Takardar kwangila ta ce kada ta wuce 5. Da aka tona ramin sai ga sandar ƙarfe ɗaya tak, gajeriya, a cikin jar ƙasa busasshiya, an zagaye ta da gawayi da gishiri, maƙallin da ya riƙe waya kuma ya yi tsatsa har yana marmashewa a hannu. Wannan dabarar ta gawayi da gishiri ta daɗe a wurin masu aikin wuta, kuma ba ƙarya ba ce, tana sauko da adadi a ranar da aka zuba. Illarta ita ce ruwan sama yana wanke gishirin cikin 'yan damuna, kafin ya tafi kuma ya ci ƙarfen da aka kafa.

A na'urar da ke da inbata, wato abin da ke sarrafa gudun kwamfiresa, atin ba don kare mutum daga jan wuta kaɗai ake yinsa ba. Matatun da ke cikinta suna zubar da 'yar wuta zuwa ƙasa koyaushe, kuma rigar ƙarfen wayar sadarwa ita ma a can take sauke hayaniyar da ta kwaso. Idan hanyar ba ta da kyau, allon ƙwaƙwalwar na'ura ne ke shan wahala. Na rubuta buƙatar sanduna 6 masu rufin jan ƙarfe, da faffaɗan jan ƙarfe na haɗa su, da buhunan bentonait, irin laka mai riƙe danshi. Abin da ya yi mana daɗi shi ne muna awon a ƙarshen rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, don haka duk adadin da muka samu yanzu damina sai dai ta inganta shi.

Litinin, 28 ga Afrilu

Kayan Legas sun iso ranar Asabar, yau muka fara haɗa aisoleta, kuma yau ne aka kusa yin asarar da ta fi kowace girma a aikin nan.

Wayar da muka saya a kasuwa da tsofaffin launuka take, irin waɗanda har yanzu suka fi yawa a Najeriya: ja, rawaya da shuɗi su ne layuka uku, baƙi kuma nutiral. Gajerun wayoyin da suka zo a cikin akwatunan aisoleta kuwa da sababbin launukan Turai suke, waɗanda Ingila ta koma kansu tun 2004: ruwan ƙasa, baƙi da toka su ne layuka, shuɗi ne nutiral. Ma'ana, shuɗi da baƙi suna nan a tsari biyun, amma sun yi musayar aiki. Ɗaya daga cikin yarana, wanda hannunsa ke da tsafta ƙwarai a ɗaurin waya, ya haɗa aisoleta ta farko da ta biyu shuɗi da shuɗi, baƙi da baƙi. Da na zo dubawa na tambaye shi, ya ce, "Oga, ai launi na bi." Da an ba da wuta a haka, da layi mai rai ya shiga wurin nutiral, sassan da aka gina don volt 230 su sha 400, allon na'ura biyu su ƙone cikin ƙiftawar ido, kuma babu kamfanin da zai karɓi irin wannan a matsayin laifin ƙira.

An kwance an sake. Daga yau babu wanda zai haɗa waya da launi a rufin nan. Kowane baki an sa masa zoben shaida mai L1, L2, L3 ko N, kuma kafin a ɗaure sai an bi kowace waya da mita daga fanel zuwa na'ura an tabbatar ita ce. Na kuma sa an manna gargaɗi a ƙofar fanel cewa akwai launuka iri biyu a wannan ginin, saboda wanda zai zo gyara bayanmu.

Asabar, 3 ga Mayu

An kafa sanduna 4 a bayan gini, tazarar da ke tsakaninsu ta fi tsawon kowace sanda, domin idan suka matsu da juna ƙasa ɗaya suke rabawa, amfaninsu ya ragu. Adadi ya sauko zuwa om 9. Sauran biyun sai muka ɗora su a kan biyu daga cikin na farko muka ƙara zurfi, har muka ji sandar ta shiga ƙasa mai sanyi, aka cika ramukan da bentonait da aka dama. Awon ƙarshe om 4.6. An gina wa kowane rami akwati mai murfi don a riƙa dubawa. An haɗa gadajen na'urori da tire da fanel na rufi duk a sandar tara wayoyin ƙasa guda ɗaya, sannan aka ɗaure ta da layin maganin tsawa na ginin.

Talata, 6 ga Mayu

Wayar sadarwa a cikin gini masu bututu ne suka ja ta tun kafin a rufe silin, mu namu daga rufi ne zuwa na'urar ciki ta farko a kowane rukuni, sai gajerun da ke tsakanin uwa da mataimakiya. Littafin na'urar ya nemi waya mai sili biyu, mai rigar ƙarfe, kauri tsakanin milimita 0.75 da 1.25, a bi da ita daga na'ura zuwa na'ura a jere, ba a tara su wuri ɗaya ba, ba a kuma rufe zobe ba. An ɗaure rigar ƙarfen da ƙasa a gefen na'urar waje kaɗai. A kan allon kowace na'ura an saita wace ce uwa, wace ce mataimakiya.

Da muka buɗe akwatin wutar na'ura ta biyar, ƙadangare ne ya fito da gudu daga bayan allon, ya bar kashinsa a kan maɗaurin waya. Wannan ba abin dariya ba ne a sana'armu, domin ƙadangare ɗaya da ya kwanta a kan allon inbata ya isa ya kashe na'ura. Duk wata ƙofar waya da aka huda an sa mata gilan ko roba, sauran ramukan kuma an toshe su da abin liƙi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Gwajin rigar waya da mega, mitar da ke nuna ko rigar na zubar da wuta, a kan volt 500, bayan an cire bakunan daga na'urori. Duk sun wuce megom 200, alhali mafi ƙarancin da ake karɓa 1 ne. Ba a kusanci wurin wayar sadarwa da mega ba, domin wannan ƙarfin yana lalata allo. An bi kowane kusoshin maɗauri da sifana mai awo. An tashi da wuri saboda Masallaci.

Talata, 13 ga Mayu

An ba fanel na rufi wuta, aisoleta duk a kashe. Tsarin layuka a wutar kamfani daidai yake. Amma awon volt tsakanin layi da layi ya ba da 398, 405 da 381, wato bambancin da ya kai kashi 3.5 cikin ɗari daga matsakaici, littafin na'ura kuwa bai yarda a wuce kashi 2 ba. Kafin in ɗora wa wutar waje laifi na sauka babban fanel da mitar maƙalawa, sai na ga kusan duk shagunan ƙasa, da firjinsu da injin ɗin buga takardu, a layi ɗaya aka jibge su, wani layin kuma kusan babu komai a kansa. Da izinin Alhaji muka rarraba birekokin shagunan da daddare bayan sun rufe. Awo ya dawo 401, 398 da 394, ƙasa da kashi 1.

Matsala ta biyu ta fito ne da aka ɗauke wuta janareta ya karɓa. Mitar juyin layuka, wadda ɗazu ke juyawa dama, sai ta koma hagu. An haɗa janaretan da na'urar sauya wuta da layi biyu a musanye tun ranar da aka kafa shi, babu wanda ya lura saboda har yau babu wani kaya mai layi uku a ginin, famfon rijiyar burtsatse ma mai layi ɗaya ne. Na'urorinmu suna da mai gadin da ke hana su tashi idan layuka sun juye, don haka da an bar shi, sanyi zai riƙa aiki da wutar kamfani ya ƙi aiki da janareta, a yi ta neman laifi a rufi alhali yana ƙasa. Mai kula da janaretan ya ba da shawarar a juya wayoyin a fanel na rufi, na nuna masa cewa hakan zai gyara ɗaya ne ya ɓata ɗaya. A bakin janareta, cikin na'urar sauya wuta, aka musanya biyun. An gwada sauyawa gaba da baya, juyin bai canza ba.

Na ƙara wa fanel na rufi rile mai sa ido kan faɗuwar layi ɗaya da hawa ko saukar volt fiye da kashi 10, tare da jinkirin minti 3 kafin ya mayar da wuta. Wannan ba ya cikin zanen farko, kuɗinsa naira 145,000 da kayan haɗinsa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Jiya da yamma aka kunna aisoleta duka, ba tare da an tada ko da na'ura ɗaya ba. Kowace kwamfiresa tana da ɗan hita a gindinta da ke ɗumama mai, ya kori gas ɗin R410A da ya narke a cikinsa lokacin da take zaune, kuma littafin ya ce a ba shi awa 12 kafin tashin farko. Alhaji ya so a kunna a daren, ya ce masu haya sun matsa masa. Na ce, "Alhaji, a yi mana haƙuri zuwa safiya, kwamfiresa ɗaya ta fi kuɗin dizal ɗin kwana ɗaya nesa ba kusa ba." Wuta ba ta kwana ba, don haka janareta ya yi aikin kusan rabin dare.

Da safe wakilin masu na'urar ya zo da kwamfutarsa aka fara gwaji. Rukuni na 1 ya tashi, fanka ta ɗauka, kwamfiresa ta fara hawa a hankali, sai birekar kariya daga zubar wuta ta faɗi. Aka mayar, ta sake faɗuwa a daidai wurin. Tunda mega ta riga ta wanke wayoyin, sai na ciro birekar na karanta jikinta da kyau. Odarmu ta ce nau'in B mai miliamp 300, wanda aka yi don kayan inbata masu layi uku. Abin da ke cikin kwalin nau'in AC ne mai miliamp 30, irin na soket ɗin gida, kwalin ne kawai ke ɗauke da lambar da muka nema. Irin wannan tana ɗaukar 'yar zubar da matatun inbata ke yi a matsayin haɗari, kuma mafi muni, zubar da ke da wutar DC a ciki na iya dushe ta ta kasa faɗuwa ranar da ake buƙata. Wani ya kawo shawarar a cire ta a haɗa kai tsaye don gwaji ya ci gaba. Ban yarda ba. Duk shidan an mayar wa mai kawo kaya, ya karɓi kuskuren, amma ya ce sai an ciko naira 310,000 saboda farashin da ya ba mu tun farko na waccan ce.

Litinin, 19 ga Mayu

Sababbin birekoki sun hau. Rukuni na 1 ya kammala gwajin kansa lafiya, ya ga na'urorin cikinsa 14 cif. Rukuni na 2 ya ƙirga 15, na 3 kuma 13, sannan na 2 yana ta nuna alamar yankewar sadarwa lokaci zuwa lokaci.

Ƙirgar ta nuna inda za a duba. Mun kunna rukuni na 2 shi kaɗai muka bi ofis-ofis da ma'aunin zafi, sai muka samu wata na'ura a ƙarshen hawa na biyu wadda fankarta ke juyawa, fitilarta na ci, amma iskar da take fitarwa ba ta da sanyi ko kaɗan. Bututunta na rukuni na 3 ne, wayar sadarwarta kuma an ɗaura ta a layin rukuni na 2, saboda layukan biyu sun bi ta saman wannan ofishin kuma babu lamba a jikin ko ɗaya. Sai da aka cire allunan silin a tsawon baranda kafin a raba su. A nan ne kuma muka ga dalilin yankewar: an ɗaure wayar sadarwa da wayar wuta da igiyar roba ɗaya, tsawon kusan mita 20. An raba su, aka sa ta sadarwar a nata bututun roba, da tazara. Bayan an goge adireshin da tsarin ya ba kowace na'urar ciki an sake, kowane rukuni ya ga 14.

Kafin kowa ya sa hannu a akwatin na'urar waje yau, an jira minti 10 bayan kashe aisoleta, aka auna kafasito, masu ajiye wuta a cikin inbata, aka ga sun sauka ƙasa da volt 50. Suna riƙe fiye da volt 500 lokacin aiki, kuma kashe makunni ba ya zubar da shi nan take.

Alhamis, 22 ga Mayu

Hadari ya taso daren jiya da iska mai ƙura, aka yi ruwa. Da safe na buɗe aisoleta ɗaya bayan ɗaya. Biyar a bushe suke, domin ta ƙasa wayoyinsu suka shiga. Ta huɗu, wadda gadon na'ura ya tilasta aka shigar da wayarta ta gefe, ta tara ruwa kamar cokali biyu a gindinta, ya biyo jikin wayar ya ratsa ta gilan. An sauya gilan ɗin da mai roba biyu, aka lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta hau, yadda ruwa zai ɗiga kafin ya kai bakin akwati. Tagar na'urar kariya daga tsawa tana nan kore, alamar lafiyarta ƙalau. Awon wayar ƙasa ya sauko zuwa om 3.9.

Litinin, 26 ga Mayu

Rukunan uku suna aiki tun ranar Juma'a. Da ƙarfe 2 na rana, lokacin da kaya suka fi nauyi, na'urar da ta fi ci ta ja amp 24, babbar waya kuma ba ta wuce 135 ba. Na bi maɗaurai da ma'aunin zafi na nesa, na samu L2 a birekar na'ura ta uku ya ɗara 'yan'uwansa da digiri 11. An kashe, an ƙara ɗaure shi, ya daidaita.

Abin da aka kashe a ɓangarenmu zuwa yau: babbar waya naira 6,440,000, ƙananan wayoyi 2,275,000, fanel na rufi da birekoki da aisoleta 3,180,000 har da cikon da aka yi, tire da murfinsa 940,000, aikin wayar ƙasa 720,000, wayar sadarwa da ƙananan kaya 410,000, sai rile 145,000. Jimilla naira 14,110,000, ban da ladan aiki. Wayar ƙasa da rile da cikon bireka ne suka haura kasafin farko.

Sauran aiki uku ne. Za a haɗa na'urar sarrafawa ta tsakiya a ofishin manajan gini, wadda har yanzu ba ta iso ba, kuma ta nan za a saita rukunan su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya idan janareta ya karɓa, domin a yanzu muryarsa tana sauyawa duk lokacin da suka hau tare. Za a gyara zanen ya nuna yadda aka yi aikin a zahiri, da lambar kowace waya, a haɗa da takardun gwaji don binciken hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin wutar lantarki a Najeriya, a kuma ajiye kwafi a aljihun ƙofar fanel. Sannan bayan Babbar Sallah zan koma in sake bin duk maɗaurai da sifana mai awo, in duba akwatunan bayan ruwa ya zauna sosai, in kuma auna bambancin layuka, tunda akwai shaguna biyu a ƙasa da za a ba haya a watan gobe kuma ba a riga an tsayar da layin da za a ɗora su ba.